Hular Alhaji Zailani a Bahar Rum

Ranar wata Talata ce cikin watan Agusta, irin ranar da in ka fito daga shago gilashin idonka yake rufewa da tururi, rigarka ta manne maka a baya kafin ka kai bakin titi. Duk mai hankali a unguwar Al Rigga ta Dubai yana ƙarƙashin esi yana shan sanyi. Alhaji Zailani kaɗai ne ya ratso rana cikin babbar riga ta shadda, ta sha sitaci tana ƙara kamar takarda, ya shigo shagon kago, na masu aika kaya gida, inda muke zama, ya ce a yi shiru yana da sanarwa.

To, Alhaji Zailani ba ƙaramin mutum ba ne. Shi da kansa ya sha faɗa mana. Shekara goma sha ɗaya yana Dubai bai taɓa ɗaukar jakarsa da hannunsa ba. Kuma babu mahaluƙin da ya taɓa ganin tsakiyar kansa. Akwai wata hula zanna da yake ji da ita, ya ce wata tara aka yi ana ɗinka ta a Maiduguri. Ko aski zai yi, sai an ja labule.

Abin da ya kawo sanarwar, zaɓen shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa ya matso. Shi da Dikko ne ke nema. Dikko ma'aikacin asibiti ne, ba ya yawan magana, in ɗayanmu ya kwanta shi ke zirga-zirga da takardu. Alhaji dai bai ga cancanta a nan ba.

Ya gyara riga ya ce, "Jama'a, shugabanci sai wanda ya ga duniya. Gobe zan tafi Antaliya ta ƙasar Turkiyya, bakin Bahar Rum. Ni kaɗai. Ba ɗan rakiya, ba mai riƙe jaka. Kwana uku zan yi ina nazarin teku."

Ɗantani mai ɗaurin kaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ga teku nan bayanmu."

"Wannan ruwan kwantena ne, habibi. Ni ruwan tarihi nake magana."

Ya tafi shi kaɗai kamar yadda ya ce, sai dai mu ma ba mu huta ba. Daga filin jirgi ya kira ta bidiyo don mu shaida yana jan jakarsa da kansa. Da ya isa otal ya kira mu ga gado. Da safe ya kira ya nuna mana zaitun ɗaya bayan ɗaya. Ranar farko a ɗaki ya yi ta, yana jiran a goge masa riga. Rana ta biyu ya leƙa bakin ruwa, ya ga irin shigar mutanen wurin, ya ja a'uziyya ya koma ɗaki. Bayan awa guda ya sake fita don ya tabbatar.

Rana ta uku ita ce babba. Ya aiko cewa kowa ya hallara bayan la'asar, zai yi jawabin neman ƙuri'a daga bakin teku. Muka cika shagon, har da Dikko. Aka jingina waya a kan kwalin injin markaɗe.

Babban mutum ba ya jawabi da waya a hannu, domin hannu biyu na gyaran riga ne, a ɗaga nan a aza a kafaɗa, a ɗaga can. Don haka ya miƙa wayar ga wani dattijo mai sayar da dafaffiyar masara a bakin ruwan, ya ja baya ya tsaya, teku na bayansa.

"'Yan uwa, ku dubi wannan ruwa. Manyan sarakuna sun tsaya inda nake tsaye. Shugaba kamar dutse yake a bakin teku, iska ta zo ta wuce, shi ko gezau."

Bai rufe baki ba iskar ta zo. Ba ta wuce ba sai da hula.

Shekara goma sha ɗaya muna jira, ga shi mun gani. Kai ne sumul yana ɗaukar ido, da ɗan gashi a bayan kunne kamar an manta da shi. Alhaji ya dafe kai ya daka wa mai masara tsawa, "Kashe! Khalas, ya isa!" Ya juya da gudu ya bi hular. Dattijon, da bai gane me aka ce ba, ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya bi shi da waya. Allah ya saka masa, hannunsa ko rawa ba ya yi.

Alhaji ya faɗa ruwa. Ruwan iyakarsa cinya, ga yara nan gefensa suna wasa da ƙwallo. Amma shadda ta sha ruwa, sitaci ya narke, rigar ta naɗe masa ƙafafu. Igiyar ruwa ɗaya ta zaunar da shi, ta biyu ta kwantar da shi. Muna jin yana kiran Hajiya Mahfuza, matarsa da ke Kano. Sai ga wata yarinya mai aikin ceto, jar riga da usur a wuya, ta kamo wuyan babbar riga ta jawo shi kan yashi kamar buhun da ya faɗo daga jirgin ruwa. Hula kuwa tana can tana lilo, ta kama hanyar Masar. Mai masara ya juyo da wayar fuskarsa, ya yi mana sallama, muka amsa gaba ɗaya.

Ranar Juma'ar makon da ya biyo baya, ranar zaɓe, Alhaji ya shigo da sabuwar hula. Ya zauna, ya yi gyaran murya.

"Kun ji layi ya yanke ran nan. Wata baiwar Allah ce ruwa zai ci. Ban tsaya tunani ba, na faɗa na fito da ita. Hula ta tafi, na bar ta sadaka. Haka shugaba yake."

Ɗantani ya cusa kai cikin kwali, kafaɗunsa na rawa. Can Dikko ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Alhaji. Ita ce mai jar riga da usur ɗin nan?"

"Ka san ta ne?"

"Duk mun san ta. Mai masara ma yana gaishe ka."

Aka yi zaɓe. Alhaji ya samu ƙuri'a ɗaya, kuma mun gane rubutun. Don kada ya tashi hannu wofi, Ɗantani ya kawo shawara a naɗa shi Sarkin Ruwa, kowa ya ɗaga hannu.

Yana nan Al Rigga har yanzu. Kujerarsa tana can ƙuryar shago, nesa da fanka, kuma sabuwar hular an ɗinka mata roba a ƙarƙashin haɓa.