Tashar da Na Zana Ina Ɗalibi

Ranar Talata ina layin mai tun hantsi, mota a kashe, ni da maƙwabcina Mai Walda muna tura ta taku uku mu tsaya, har layin ya kawo mu ƙarƙashin wani sabon allo da aka kafa a bakin tsohuwar tasha. Na ɗaga kai don in sami abin kushewa in rage zafi, kamar yadda kuka san na saba. An rubuta da manyan baƙaƙe: SABUWAR TASHAR ZAMANI, AIKI YA KANKAMA. A ƙasa ga hoton gini, rufinsa kamar tafukan hannu biyu a buɗe suna kallon sama.

Na buɗe baki zan tambayi wane mara tunani ne ya zana wannan, sai maganar ta maƙale. Ashe ni ne.

Da yawanku ba ku sani ba, kafin in zama mai surutu a wannan shafi, zanen gine-gine na karanta. Yau abin da nake zanawa bai wuce shaguna huɗu a jere ko ɗaki biyu da falo ba, amma a shekarar ƙarshe ta makaranta ji nake duniya ni take jira. An ce kowa ya kawo aiki daga tunaninsa, ba don a gina ba, don a ga zurfin basira. Abokaina suka kawo asibiti da ɗakin karatu. Ni na kawo tashar mota mai rufi kamar hannayen mai roƙon ruwa, na rubuta shafi shida a kan ma'anarsa. Sati uku ina yanka kwali da reza ina mannawa da gam, har yatsuna suka daina jin zafi.

Ranar kare aiki, wani dattijon malaminmu da muke kira Jan Biro ya saurare ni har na gama. Ya ɗauki kofin ruwan da ke gabansa ya tuttula a kan rufin kwalin. Ruwan ya taru a tsakiya, daidai saman inda fasinja za su zauna, ya rasa hanyar fita domin ban yi masa ko bututu ɗaya ba. Muna kallo rufin ya lotsa, ya zauna a kan 'yan kujerun ashana da na jera.

Ya ce, "Tunaninka yana da kyau, ɗana. Zan ba ka makin wucewa bisa sharaɗi guda: kada ka bari kowa ya gina shi."

Na cika alkawari shekara ashirin da uku. Yanzu ga shi a allo, da fenti.

Mai Walda ya ce, "Malam, turo mana, an matsa. Me ka gani ka daskare haka?"

Na ce, "Wancan ginin, ni na zana shi."

Ya dubi allon, ya dube ni, ya dubi motata da ƙofarta ke ɗaure da waya. Ya ce, "Rana ce. Shiga ciki ka zauna, ni zan tura."

A gida na nuna wa uwar yara hoton a waya. Ta buɗa shi da yatsu biyu, sai ta saki salati. A kusurwar zanen akwai wata 'yar siririyar mata riƙe da lema. Ita ce. Lokacin ina nemanta, na saka ta a ciki don in burge ta.

Ta ce, "Kai, ji ƙuguna a lokacin! Amma tsaya, ba wannan ne wanda ya rushe da kofin ruwa ba?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "A tashar nan yayarka take sayar da lemo. Gobe ka je ka faɗa musu, tun kafin su zuba kankare a kan mutane."

Washegari na sa rigata ta zuwa ɗaurin aure na tafi ofishin da ke kula da aikin. Aka aika ni hawa na biyu, na biyu suka ce na uku, na uku suka ce mai makullin ya fita. Wajen azahar dai na samu ganin Ranka Ya Daɗe Babban Mai Sa Hannu, mutum mai fara'a, Allah ya ƙara masa sanyin ofis. A bayansa ga tashata a cikin gilashi, ta fi ta allon girma.

Na yi bayani tiryan-tiryan. Ya yi murmushi irin na likitan da ya gane ciwon ba na jiki ba ne.

Ya ce, "Bawan Allah, wannan zane ƙwararru ne daga ƙasar waje suka yi shi. Wata tara suna nazarin yanayinmu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, matar da ke riƙe da lema matata ce."

Ya juya ya ƙura mata ido. Na zaro tsohon zanena na makaranta da na taho da shi daga kwalinsa, duk ya yi ja, ga hatimin makaranta, ga rubutun Jan Biro a gefe: INA RUWAN ZAI BI? Daga baya na ji cewa makarantar ce ta kwashe tsofaffin ayyukan ɗalibai daga sito ta kai wani baje koli, daga nan ƙwararrun suka yi nazarinsu na wata tara a cikin yini guda.

Na zaci zai kira 'yan sanda, ko dai ya kira injiniya. Sai ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu.

Ya ce, "Ɗan gida! Ashe basirar a gida take! Wannan ai abin alfahari ne. Sakatare, a ɗauki sunansa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rufin fa? Ruwa zai taru ya..."

Ya ce, "Za a kafa kwamiti."

Jama'a, a nan ne zan faɗi abin kunyar. Da ya ce abin alfahari, wani abu ya narke a ƙirjina. Shekara ashirin da uku ba wanda ya yabi zanena sai masu shago, su ma don na matse musu banɗaki na ƙara shago na biyar. Na tsaya aka ɗauke mu hoto. Har na gyara hula.

Sai da na sauko ƙasa na tuna da yayata da tiren lemonta. Kai tsaye na wuce wurin aikin, na sami injiniyan zaune a kan bulo yana cin gyaɗa. Ma'aikata biyu ne kacal, ɗaya yana riƙe da shebur, ɗaya yana ba shi labari. Na shimfiɗa masa zanen, na nuna masa inda ruwa zai kwanta, na ce ko bututu huɗu aka sa za a tsira.

Ya kalla da kyau, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Gaskiyarka, wannan rufin kisa ne. Amma kwantar da hankalinka, Malam. Rufi yana kashi na biyu na aikin."

Na ce, "Yaushe za a fara kashi na biyu?"

Ya ce, "Shekarata goma sha tara ina irin wannan aiki. Ban taɓa ganin kashi na biyu da idona ba."

Wallahi ban san lokacin da na rungume shi ba. Ni da na ƙarar da biro ina zagin ayyukan da aka yi watsi da su, yau ga ni ina godiya. Allah ya saka wa manyanmu da alheri, sun san abin da suke yi. Wa ya san rayuka nawa suka ceta da rashin ƙarasa aiki? Yayata za ta ci gaba da shan rana, amma rana ba ta faɗo wa mutum a ka.

Saura matsala ɗaya. Ranar Asabar aka ƙara layi a ƙasan allon: MAI ZANE, sannan cikakken sunana, har da na kakana. Tun daga ranar ban huta ba. Direbobi suna tare ni a hanya, yayata ta daina amsa gaisuwata sai na faɗa mata inda rumfarta za ta kasance. Jiya da safe ina fitowa na tarar da Mai Walda a ƙofar gida, hannu a ƙugu.

Ya ce, "Injiniya, ka ga an tone mana hanya an tafi. Yaushe za ku gama tashar nan?"

Na gyara murya, na sa hannu a baya, na ji bakina yana cewa, "Ana kan aiki. Jama'a su ƙara haƙuri."

Abin da ya fi ba ni tsoro, ko kaɗan bai yi mini wuyar faɗa ba.