Burushin Aski a Fulas ɗin Shayi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da surukina ya fara taka gidanmu a Unguwar Dosa, muna sabon aure.

Asalin abin, wani burushin aski ne mai araha na saya wurin wani mai talla a Kawo. Gashinsa kamar tsintsiyar kwakwa. Duk safiyar da na shafa kumfa da shi, sai in wuni a ofis fuska na yi mini zogi. Wani abokin aikina ya ce in riƙa jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu, zai yi laushi. Ni kuma sarkin dabara, da na ga ruwa na saurin hucewa a kofi, sai na zura shi cikin fulas ɗinmu mai faɗin baki, na rufe (ban gaya wa matata ba, na san amsar da zan samu).

Ran Asabar da hantsi, matata ta leƙa maƙwabta, sai ga sallamar mahaifinta daga Katabu, shi da amininsa. Na rikice. Na durƙusa na gaishe su, na jera kofuna da madara da sukari, na ɗauko fulas, har ina cika baki cewa ruwan da zafinsa.

Ina karkatawa, wani farin ruwa ya zubo da kumfa. Kafin in ankara, burushi ya faɗo cikin kofin Baba, gashi a sama.

Amininsa ya kau da kai, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina durƙushe, na rasa inda zan sa fuskata. Baba ya ciro burushin da yatsu biyu, ya murza a tafin hannunsa.

"Da saura, ɗana," in ji shi. "Ka riƙa goga shi a tawul bayan kowane aski. Nawa ma haka ya wahalar da ni."

Ya ce ruwan sanyi ya ishe su, ya ci gaba da tambayata aiki kamar ba a yi komai ba.

Bai taɓa tayar da zancen ba. Matata ma a bakina ta ji, ta yi dariya har da hawaye. Burushin kuwa ya yi laushi kamar auduga, da shi nake aski har yau, kuma ba na ɗaukarsa ban yi wa Baba addu'a ba. Allah Ya saka masa da alheri, ya rufa mini asiri.

Tun daga ranar, duk abin da zan zuba wa baƙo, a kofina nake fara gwadawa.