Kamun Ƙafa a Gidan Edita

Ni da boko iyakarmu aji huɗu, amma ranar nan ji nake duk Daura babu mai hanya irina. 'Yar ƙanena, wadda ni na yi mata huɗuba da sunan mahaifiyarmu, ta zama editar wata mujallar malaman jami'a. Shi kuwa ɗan Malam Sule aminina, ƙarin girmansa a jami'a ya maƙale, sai an buga bincikensa kan noman gero a Dutsi.

A majalisa na bugi ƙirji na ce, "Ku ɗauka an buga."

Na zuba babbar riga na same ta a gida. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta dama mini fura, ta saurare ni har na dire.

"Baba, tunda ka sa baki, hannuna ya fita. Wani edita zan miƙa wa."

"To uwata, su wa za su duba aikin? In je in gaishe su."

"Ba a faɗa, Baba. Su ma an ɓoye musu sunansa."

"Ko unguwarsu ce?"

Murmushi ta yi, ta ƙara mini fura. Wallahi ban taɓa ganin an hana mutum abu cikin ladabi haka ba. Har albarka na sa mata.

Aikin ya dawo da gyara shafi-shafi. Sai da yaron ya sake damina guda a gonakin Dutsi kafin a buga.

Har yau in mai buƙata ya zo majalisa, sai Malam Sule ya nuno ni ya ce, "Bi Babban Edita. Buƙata ba za ta biya ba, amma fura sai ka ture."