Ɗan Amshi Ya Yi Shiru

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ciki cike da fargaba, Malam Jumare, malamin waƙa a wata firamare ta yankin Dandamisa, yana sanar da iyayen yara da sauran jama'a rasuwar abokin aikinsa kuma marufin asirinsa, Ɗan Amshi, mutum-mutumin nan mai koyar da waƙa. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a tsakiyar baiti na biyu, bayan shekara uku a bakin aiki.

Marigayin ya zo ne a cikin kwali, wata ƙungiya ta kawo shi daga Zariya. Tsayinsa bai wuce na turmi ba, amma murya sai wanda ya ji. Shi ke ba da waƙa, shi ke taya amshi, yana tafi da 'yan hannuwansa na roba. Bai taɓa ɗaukar bulala ba, bai taɓa sulalewa gona ranar aiki ba. Ko yaro ya yi kukan akuya da sunan waƙa, maganarsa ɗaya ce: "Madalla, mu sake."

Tunda mai rufin asirin ya tafi, ɓoyo ya ƙare. Malam Jumare malamin lissafi ne. An ɗora masa waƙa ne saboda ranar rabon darussa ya tafi yankan rake. Tun yana aji uku, da aka zare shi daga layin masu rera taken ƙasa yara na dariya, bai sake buɗe baki da waƙa a gaban mutane ba. Duk shekaru ukun nan aikinsa danna maɓallin Ɗan Amshi ne da gyaɗa kai irin na masana. Ga darasi na jiransa ranar Litinin, ga shi babu abin dannawa.

Ciwon ajali ya fara da damina. Murya ta dishe, hannun hagu ya daina tafi, daga baya marigayin ya koma cewa "Mada... mada..." ya tsaya. Malam ya shanya shi a rana, ya bubbuga masa baya, har zani ya lulluɓa masa. Da abin ya ƙi, aka kira Saminu mai gyaran waya daga Makarfi. Yana kwance murfin baya ya yi tsalle gefe. Tururuwa ce cike da cikin mamacin, da ƙwayayenta da komai, ta cinye wayoyin.

Ba a daɗe ana bincike ba Iya Azumi, mai sayar da mazarƙwaila a ƙofar makaranta, ta kawo kanta. Jikarta Lubna tana da i'ina, ta shekara biyu a aji ba a ji muryarta ba, har sai da marigayin ya yi ta "mu sake" da ita ta rera waƙa sukutum ba gargada. Tun daga ranar, duk Juma'a Iya kan tura masa gutsuren mazarƙwaila ta 'yar ƙofar batir.

"Malam, mu a gidanmu ba a barin mawaƙi ya tashi baki a bushe," in ji ta, tana share hawaye da bakin mayafi. "Kuma wallahi ci yake yi. Duk sanda na duba sai in tarar ya cinye tas."

Malam ya so ya yi faɗa, ya kasa. Shi da ya ci moriyar mamacin shekara uku, ko ƙura bai taɓa goge masa ba sai ranar da baƙi za su zo.

Marigayin ya bar farantin sola ɗaya, da cajar da sai an ɗaure ta da roba take aiki, da ɗalibai sittin da huɗu, da tururuwar da ba a san adadinta ba, wadda ita kaɗai ta ci gado.

Za a mayar da shi kwalinsa ranar Asabar bayan la'asar, a kai shi makwancinsa a sito, kusa da karyayyun bencina. Ana karɓar gaisuwa a gindin mangwaron makaranta. Don Allah kada kowa ya zo da kayan zaƙi.

Darasin Litinin kuwa yana nan ƙarfe tara. Malam Jumare ne zai ba da waƙa da bakinsa, don haka maƙwabta masu jarirai su yi haƙuri. Tsoro yake ji, bai ɓoye ba. Jiya ma har ya rubuta takardar neman hutun rashin lafiya, sai ga Lubna ta tare shi a bakin ofis.

"Ma-malam," ta ce, "kai dai ka fara. In ka ɓata, za mu ce maka madalla, mu sake."

Takardar tana cikin kwalin, za a rufe su tare.