Zaren Buhun Shinkafa

Tun da likitan haƙori a Lyon ya koya mini sakace da zare na zama mai wa'azi. Buroshi safe da dare, zare kullum, tsinke kuwa na yafe shi har abada.

Ranar sunan ɗan kawuna a Bobigny aka ci rago, kowa ya kama tsinke. Na miƙe na ce, "Jama'a, kuna kashe dasashinku! Ku dubo nan." Na laluba aljihu, ashe zarena yana can gidana a Villeurbanne. Ban karaya ba, na zaro na bakin buhun shinkafar Hajiya, matar kawu.

Ya shiga tsakanin haƙora lafiya lau, fita ce ya ƙi. Haka na bi sallar la'asar zare na reto har haɓa, kafaɗun na kusa da ni sai rawa suke.

Hajiya ta zo da almakashi ta ce, "Buɗe baki, dokta, buhun ma haka nake kwance shi."

Amma fa naman ya fito! Yau rabin gidan da zaren kantin magani suke sakace. Sai dai duk na ce zan zo, kawu kan ɗaga murya: "Hajiya, ɓoye shinkafa, dokta na tafe!"