Gatarin Kurege a Kwandon Yagana

"Lafiya lau, bawan gidanmu. Yau ma ba a yi wanka ba?"

Yagana ke nan, Babarbariya mai sayar da turaren wuta, tana amsa gaisuwar Hammajoda a bakin rafin Gubi, inda yake shayar da shanunsa. Bafulatani da Babarbariya in sun haɗu, sai dai a raba. Daga gona take, kwando a ka, fure ja da rawaya na leƙowa.

"Baiwata, sauke in karɓi harajina."

Ta sauke, ya leƙa. Ƙarƙashin furen saiwoyi ne masu lanƙwasa.

"Wa za ki ba wannan?"

"Rizga ce na tono wa jikata Bintu. Kai ko ɓawon ba za ka samu ba."

"Dubi furen. Kin taɓa ganin na rizga ya kwanta baya kamar harshen wuta? Gatarin kurege ne, guba ne."

"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Ni da tono, kai da ci? Bara ma ka ce rogona mai ɗaci ne, ka kwashe shi duka."

"Wancan zakka na karɓa. Wannan kuwa wallahi kisa yake."

"Rantsuwar Bafulatani ai sai a rage mata ruwa, kamar nononsa."

Hammajoda ya daɗe yana yi mata ƙarya, yau ga gaskiya ta ƙi shiga, ga shi tausayin yarinyar ya kama shi.

Yagana ta zaro saiwa ɗaya, ta miƙa wa farar saniyarsa. "Zo ki ɗanɗana, ubanki ya cika kwaɗayi."

Hammajoda, tsohon da kullum ke kukan gwiwa, ya yi tsalle ɗaya, ya buge mata hannu, ya rungume wuyan saniyar. Malfarsa ta faɗa ruwa, ko kallonta bai yi ba.

Yagana ta juye kwandon a rami, ta tura ƙasa, ta dirje hannu da yashi.

"Ai sai ka ce da saniya ka rantse," in ji ta, tana dariya tana share ido. Ta kwance ƙullin turare daga bakin zaninta. "Ungo. Gobe zan kawo Bintu ta gaishe ka, kada warinka ya ƙarasa abin da guba ta bari."