Rasuwar Magulmaciya, Na'urar Jin Zuciyar Ɗan Tayi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni bakanike mai garejin ƙarshen layi, a madadin kaina ni kaɗai, domin maiɗakina ta ce kada in kuskura in sa ta a ciki, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urarmu ta jin bugun zuciyar ɗan tayi, wadda aka fi sani a gidanmu da Magulmaciya. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, tana da wata biyar a hannunmu. Ba jinya ta yi ba. Kashe ta aka yi, kuma ni na kashe ta, da guduma mai kilo biyu, a kan tsohon bulok ɗin inji, mutum uku suna kallo.

Marigayiya ta shigo gidanmu bayan shekara tara da aure da ɓari biyu. Wanda ya san zafin wannan ba zai tambaye ni dalilin sayo ta ba. Maiɗakina tela ce, kuma tun da cikin nan na uku ya zauna ta koma ɗinki da hannu ɗaya, ɗayan yana kan mararta.

Fara ce marigayiya, ba ta fi tafin hannu ba. Tana da 'yar fuska mai nuna lamba, da waya mai lanƙwasa, da kai kamar na ludayi. Cinta batir biyu, shanta man da ake shafawa a ciki. Ba ta taɓa ƙin tashi ba ko da safiyar sanyi, shaidar da ba zan iya ba wa rabin motocin da ke zuwa wurina ba. In an kunna ta sai ta fara da gyaran murya, shhhh, ƙurrr, shhhh, kamar rediyon da ya ɓata tasha. Can sai ka ji ta kamo: kutuf-kutuf-kutuf-kutuf, da gudu, kamar keken ɗinki a ƙafar telan da mai kaya ya tsaya masa a kai. Ranar farko maiɗakina ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ji munafuka, abin da ke cikin cikina ma sai ta kai rahoto." Daga nan sunan ya bi ta.

Ba kowa ne ya so ta ba. Surukata ta tsane ta tun ganin farko. Ta ce ita bakwai ta haifa, ƙafar yaro ce ke gaya mata lafiyarsa, kuma duk ranar da ta tarar da abin nan a ƙasa da diddige za ta gaisa da shi. Shi ya sa muke ajiye ta a saman sif.

Dole in faɗi wani abu game da kaina, don a gane ciwon ajalinta. Ni ba mai yawan magana ba ne. Shekara talatin ina cin abinci da kunne. Nakan kafa bakin sukudireba a jikin inji, in ɗora marikinta a kunnena, in rufe ido, in gaya wa mai mota abin da ke damunta tun kafin a kwance noti ɗaya. Makaranta kuwa sai da na kai arba'in da ɗaya na shiga ajin manya. Ina karatu, amma da yatsa, kuma har yau lamba baƙuwa ce a wurina. Kunne na yarda da shi. Saboda haka ni ne limamin marigayiya a gida: ni ke shafa mai, ni ke neman wuri, ni ke yanke hukunci.

Ranar Alhamis da safe, ciki yana wata takwas da 'yan kwanaki, ina ɗaura takalmi, maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofa.

"Maigida, yau ba a shure ni ba tun asuba."

Na sauko da Magulmaciya. Ta yi gyaran muryarta ta daɗe, ta fi kullum daɗewa, sannan ta kamo. Bum. Bum. Bum. A hankali, daidai wa daida, babu tangarɗa. Fuskarta ta rubuta tamanin da huɗu. Kullum ɗari da arba'in da wani abu take rubutawa. Na gani da idona.

"Ba haka take yi ba," in ji maiɗakina.

"Silo ne, Tela. Injin da ya huta haka yake saukar da murya. Barci yake yi."

A sana'armu injin da ya sauke murya ya riƙe bugu ɗaya shi ne mai lafiya, mai gudu da haki shi ake tsoro. Da wannan ilimin na goge mata ciki da tawul, na tafi gareji.

Ƙarfe sha ɗaya ta kira ni. Na ce ta kunna ta kara mini waya. Na yi wa mai walda alama da hannu ya kashe injinsa, na toshe ɗayan kunnen da yatsa. Bum. Bum. Bum.

"Injiniya, ni nake ɗauke da shi. Ina ce maka ba ya motsi."

"Ni kuma ina jin sa," na ce.

Wajen ƙarfe biyu surukata ta biyo gidan. Jimla ɗaya ta ji, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta fizgi 'yarta a wuyan hannu, ta tsaya a tsakiyar titi ta dinga dukan bonet ɗin wata tasi da tafin hannu har direban ya sauke fasinjojinsa. A asibiti ba su yi minti goma ba aka tura gadon da gudu. Kafin in iso an riga an tsaga ta. Igiyar cibiya ce ta naɗe wuya. Mace aka ciro, shuɗiya, ba kuka, suka yi ta danna mata ƙirji da yatsu biyu suna hura mata iska.

Ungozomar da ta fito wurina gajeriya ce mai kaurin damtse. Ta karɓi marigayiya daga jakar surukata, wadda ta ɗauko ta daga gida don shaida, ta ɗaga mini riga a gaban mutanen da ke kan benci, ta lafta mai, ta danna mini kan ludayin a ƙasan haƙarƙari har na lanƙwashe. Shhhh. Ƙurrr. Bum. Bum. Bum.

"Barka, Malam. Wata nawa ne?"

Ba wanda ya yi dariya.

"Zuciyar matarka ka wuni kana saurare. Ta yarinyar tana can tana shaƙewa. Da ba kayan aiki ne a jikina ba, da da abin nan zan fasa maka kai."

Abin da ta fasa yi, maiɗakina ta cika shi ranar Juma'a. Da ta farfaɗo sosai, maganarta ta farko gare ni ita ce, "Ina Magulmaciya?" Na ɗauka kewarta take yi, na miƙa mata da hannu biyu. Da ɗinkakken cikinta ta yunƙura ta jefe ni da ita. Ta same ni a gira, jini ya rufe mini ido, an yi mini ɗinki huɗu. Nata ɗinkin ma ya yi jini, sai da nas biyu suka danne ta. Marigayiya ta daki bango ta faɗa ƙarƙashin gado, kuma a can ta kunna kanta, shhhh, kamar mai neman a saurare ta. Surukata ta jawo ta da ƙafa ta cika alkawarin diddige, sau uku. Murfin batir ya yi tsalle ya bar ɗakin. Fuskar ba ta mutu ba. Ƙarfin hali irin nata ban taɓa gani a jikin roba ba.

Ranar Asabar na kai ta gareji a aljihu. Na share bulok ɗin da tsumma, na kwantar da ita, na gyara mata waya. Bugu na farko ya raba fuskar biyu. Na biyu ya watsa cikinta, wani ɗan koren allo ya tashi ya faɗa cikin bokitin baƙin mai. Kan ludayin ya yi gardama, ya dinga zillewa, sai da na riƙe shi da filaya na daka shi ya zama gari. Na tsinke wayar da haƙori. Batiran suka fashe, wari ya tashi. Daga nan ban ƙara ƙirgawa ba. Na san dai guduma ta sauka a kan babban yatsana na hagu, farcen ya tafi, kuma ban ce kuskure ba ne, ban ce ba kuskure ba ne. Mai faci da mai fenti sun ja da baya, don ba su taɓa jin na ɗaga murya ba balle hannu. Mai walda ne ya rungume ni ta baya.

"Ya isa, Yaya. Tun bugu na biyu ta mutu. Wa kake duka?"

Na saki gudumar ta faɗi ƙasa.

Ina shaida a gaban kowa cewa marigayiya ba ta taɓa yin ƙarya ba. Abin da aka kara mata shi ta ji, abin da ta ji shi ta faɗa, har ta rubuta shi da manyan lambobi don mai karatu da yatsa. Hukuncin da aka zartar mata na wani ne.

Ta rasu ta bar kwalinta, da rabin robar mai, da takardar da ta zo da ita mai shafi uku. Biyu na karanta ranar da na sayo ta, inda aka nuna yadda ake kunnawa. Na ukun rubutunsa kamar ƙafar tururuwa, na bar shi sai wani lokaci. Jiya na karanta shi a kan bencin asibiti, ya ci mini awa guda. Cewa ya yi ita ba likita ba ce, kuma in motsin yaro ya ragu a tafi asibiti nan take, ko da an ji bugu. Marigayiya ta kuma bar maiɗakina, wadda ke tafiya da dafa bango zuwa ɗakin jarirai sau shida a rana don ta tatsa nono a ɗan kofi. Ta bar yarinya ɗaya a cikin kwalba, da bututu a baki da wayoyi a ƙirji, wadda nauyinta bai kai na gudumar ba. Ba mu sa mata suna ba tukuna. Akwai wata na'ura a kanta mai ƙara ti-ti-ti, in na tsaya a bakin taga nakan kau da kunnena.

Za a binne abin da aka iya tsincewa na marigayiya gobe Laraba da ƙarfe tara na safe, a bayan gareji, kusa da tarin tsofaffin tayoyi. An tattara ta a gwangwanin giris. Mai faci zai haƙa rami, mai walda zai sa ta. Ba za a yi zaman makoki ba, kuma ana roƙon masu irin ta a gidajensu kada su zo mata ta'aziyya da tasu.

Ni ba zan halarta ba, a yafe mini. Likita ya ce gobe da ƙarfe taran ne za su zare wa yarinyar bututun, su ga ko za ta ja numfashi da kanta. Maiɗakina ba ta yi mini magana ba tun ranar Juma'a, amma ɗazu ta aiko mahaifiyarta da saƙo. Ta ce in zo in tsaya kusa da ita. Ta ce ko me ya faru, kada in ce na ji wani abu.